Kafin ki buɗe kwalaben rezin: abin da mai koyo zai tanada

"Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina kallon bidiyon masu zuba rezin ɗin ifoksi suna yin 'yan kunne da maƙalin makulli da ƙananan farantai na ado, har na sayi kwalaba biyu da mazubin silikon zan gwada. A jikin kwalbar an rubuta cewa ba ya wari kuma ba shi da guba, amma wata ƙawata ta ce ya taɓa sa hannunta ya yi ƙuraje. A ɗakin kwanana nake son yin aikin, kuma ina da yaro ɗan shekara biyu. Me ya kamata in tanada kafin in fara? Takunkumin asibiti ya isa?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin kyauta wa kanki da kika yi tambayar tun kwalaben suna rufe, domin yawancin masu zuwa mini da irin wannan magana sai hannu ya fara ƙaiƙayi suke zuwa. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko rubutun jikin kwalbar abin dogaro ne, me za ki sa a jikinki, sannan ko ɗakin kwana zai yi. Na ƙarshen ba ya buƙatar dogon bayani, ɗakin kwana ba zai yi ba. Takunkumin asibiti ma bai isa ba, sai dai ba nan gizo ke saƙar ba. Mai koyo yakan tattara hankalinsa duka a kan hanci, alhali ta fata rezin ya fi cutar da masu aiki da shi. Ƙawarki gaskiya ta faɗa miki, kuma a kan maganarta zan fi daɗewa.

Na fi shekara goma ina zuba rezin, wato ruwa biyun nan da ake haɗawa su daskare su zama roba mai tauri, galibi a kan katako, wani lokaci a ƙananan mazubai irin naki. Ni mai sana'a ne, ba likita ba, saboda haka duk inda magana ta kai ga ciwo, wurin likita zan tura ki.

Abin da ke cikin kwalaben

Kwalbar da aka rubuta wa A ita ce rezin ɗin kansa. A mafi yawan waɗanda ake sayarwa, an samo shi ne daga haɗa sinadarai biyu, bisfinol A da efiklorohaidirin. Ba sabon abu ba ne. Pierre Castan a Suwizalan da Sylvan Greenlee a Amurka su ne suka yi aikin da ya fito da shi a shekarun 1930 da 1940, kuma a 1946 kamfanin Ciba ya fara sayar da shi a matsayin gam da sunan Araldite. Wato asalinsa kayan masana'anta ne, na liƙe ƙarfe da shafe daɓe da ƙera jiragen ruwa, daga baya ne ya shigo hannun masu kayan ado. Kwalbar B kuwa ita ce mai daskarar da shi, zan riƙa ce mata madaskari. Yawanci daga dangin sinadaran amin take, 'yan'uwan amoniya, kuma ta fi A zafin hali: tana iya ƙona fata, tana iya yi wa ido mummunan lahani.

Rezin ba bushewa yake yi kamar fenti ba. Fenti ruwan cikinsa ne ke tashi ya bar launi. Shi kuwa ƙwayoyin A ne ke kama na B su sarƙe su zama abu guda mai tauri, kuma sarƙewar tana fitar da zafi. Idan kowace ƙwaya ta sami abokiyar kamawa, abin da zai fito roba ce mai ƙarfi da za a riƙe ba fargaba. Amma muddin ruwa ne, ko ya kama rabi da rabi, ko awo ya kuskure har wasu ƙwayoyin suka rasa abokan kamawa, to sinadarin yana nan da ransa. Masu rubuta "ba shi da guba" galibi wanda ya gama daskarewa suke nufi, ke kuma da ɗanyen za ki yi aiki. Rashin wari ma ba shaida ba ce, don sinadarin da ke tayar da fata ba sai hanci ya ji shi ba.

Akwai takardar da ta fi rubutun talla gaskiya, ita ce takardar bayanan kariya da ake kira SDS. Kowane kamfanin kirki yana da ita ga kowace kwalba, A daban, B daban, kuma yawanci ana samunta a intanet idan kika rubuta sunan kayan. Sashe 16 gare ta, amma huɗu sun ishe ki: na 2 yana faɗin haɗarin, na 4 taimakon gaggawa, na 8 kayan kariya, na 13 yadda ake zubar da saura. A sashe na 2 za ki ga lambobi. H317 na nufin yana iya jawo borin fata, H315 da H319 yana fusata fata da ido, H314 yana ƙona su, H411 guba ne ga halittun ruwa. Kusan duk ifoksin da na taɓa riƙewa yana ɗauke da H317, har da masu kyakkyawar kwalba da hoton furanni. Kayan da aka ɗura a kwalba marar suna, ba takarda, ba adadin awo, ni ba na saye, komai arharsa.

Ƙurajen ƙawarki

Ƙuraje iri biyu rezin ke kawowa, kuma bambancinsu ne ya sa nake tsananta maganar safar hannu. Na farko fusatar fata ce kawai: abin ya taɓa ki, wurin ya yi ja, ya yi raɗaɗi, bayan 'yan kwanaki ya wuce. Na biyu shi ne alaji, inda garkuwar jiki ke haddace sinadarin ta ɗauke shi abokin gaba. Wannan ba ya zuwa ranar farko. Mutum zai yi wata shida, ko shekara biyu, yana taɓa rezin da hannu ba abin da ya same shi, har ya fara yi wa masu safar hannu dariya. Rana ɗaya sai jiki ya ce ya isa. Daga ranar, ɗigo ɗaya ya isa ya tayar masa da ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje masu ruwa da tsagewar fata, kuma ba nan take suke fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mutane da yawa ba sa gane daga ina abin ya zo. Ba ya tsayawa a hannu kaɗai. Yakan fito a wuyan hannu, a wuya, a fatar ido, domin tururi da ƙurar rezin ma suna tayar da shi. Kuma idan ya kama, ya kama ke nan. Magani yana kwantar da ƙurajen, amma ba ya sa jiki ya manta.

Na yi aiki da wani saurayi mai hannu ƙwarai, wanda ya fi ni iya haɗa launi. Safar hannu tana sa shi gumi, don haka yakan cire, in rezin ya taɓa shi ya goge da tsumma mai tina ya ci gaba. A shekararsa ta biyu ya fara tashi da kumburarrun idanu. Muka ɗauka ƙura ce. Da likitan fata ya yi masa gwajin da ake manna sinadarai a baya a bar su kwana biyu, wurin ifoksi ne ya tashi. Yau ko shiga ɗakin da ake zubi ba ya iya yi, sana'ar ma ya bar ta. Ifoksi yana cikin jerin sinadaran da likitocin fata ke gwadawa a kai a kai, saboda yawan masu gini da masu fenti da masu shafe daɓe da yake kamawa.

Babu wanda zai iya faɗa miki taɓawa nawa jikinki zai jure, shi ya sa ƙa'idar ita ce kada ya taɓa ki ko sau ɗaya. Safar hannu ta naitiril, wata irin roba da ta fi jure sinadarai, za ki saya. Ta lateks, irin mai ruwan madara da aka saba gani, sinadaran rezin suna ratsa ta da sauri, ta leda mai sheƙi ma haka. Ta yadi ko ta fata kuwa gara babu, domin tsotse rezin take yi ta riƙe shi a jikin fatarki. Ita kanta naitiril ɗin, siririyar ba katanga ba ce, jinkiri kawai take kawowa. In ta ɓaci sosai ki canza, kada ki wanke ki sake sawa gobe. Ni biyu nake sawa a kowane hannu, ta sama in ta yi danƙo in zare in ci gaba da ta ƙasa. Wajen cirewa, ki kama bakinta ta waje ki juyo ta ciki ya koma waje, sannan ki zura yatsa ta ƙarƙashin ɗayar ki juyo ta a kan ta farko. Ki sa riga mai dogon hannu da kika ware don aikin, domin tsakanin bakin safa da hannun riga nan ne rezin ya fi samun mutane. Ki cire zobe da awarwaro da agogo, ki ɗaure gashi da duk wani mayafi da zai iya leƙawa cikin kofi.

In tsautsayi ya sa ya taɓa fatarki, ki goge da busasshen tishu, ki wanke da sabulu da ruwa, ki maimaita har danƙon ya fita. Kada ki kusanci tina, ko asiton, wato ruwan goge jan farce, ko sifirit. Gaskiya ne suna cire danƙon nan take, shi ya sa ake son su, amma narkar da rezin suke yi su kwashe man fata su buɗe masa hanyar shiga ciki. Kuskuren saurayin nan ke nan. Asiton ma yana ratsa safar naitiril cikin 'yan mintuna, don haka ko kayan aiki za ki goge da shi, kada ki jiƙa hannu a ciki.

Wadda take da ciwon fata mai yawan tashi, ko asma, ko juna biyu, ta fara ganin likita da takardar SDS a hannu kafin ta buɗe kwalba. Haka nan in kin fara aiki kika ga ƙaiƙayi yana dawowa duk bayan zubi, ki dakata ki je a duba, kada ki ce bari in ƙarasa wannan odar tukuna.

Ido da numfashi

Tabarau mai rufe gefe da gefe ba shi da tsada kuma ba ya takura. Gilashin karatu ba ya maye gurbinsa. Lokacin da aka fi samun fantsama shi ne wajen matso madaskari daga kwalba da wajen ɓamɓare abu daga mazubi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a nan ba karin magana ba ce kawai: ɗigon madaskari a ido yana buƙatar wanki da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, ido a buɗe, sannan a tafi asibiti da kwalbar ko hotonta. Saboda haka ki tabbata akwai ruwa mai tsabta kusa da ke kafin ki fara.

Takunkumin asibiti an yi shi ne don tare feshin yawu. Wanda ake kira N95 ko FFP2 yana tare ƙura. Babu ɗayansu da ke tare tururin sinadari, tururi yana wucewa ta cikinsu kamar babu komai. Mai tare tururi shi ne takunkumin roba mai rufe hanci da baki, mai gwangwanaye biyu da ke ɗauke da gawayi na musamman. A tsarin Turai za ki ga harafin A da zanen ruwan ƙasa a jikin gwangwanin, wanda aka rubuta wa ABEK kuma ya haɗa har da dangin amoniya. A tsarin Amurka baƙin zane ne. Dole ya zauna a fuska ba ɓaraka: ki toshe gwangwanayen da tafin hannu ki ja numfashi, in ya manne a fuskarki ya zauna. Gawayin yana cika, kuma ko ba a sa shi ba yana ci gaba da tsotsar iska, don haka bayan aiki a sa shi a leda mai zif a rufe. Ranar da kika ji wari ta cikinsa, gawayin ya gama aiki.

Ra'ayina shi ne, ga mai zuba mililita 30 ko 50 a wuri mai iska tana ratsawa, iskar ta fi takunkumin muhimmanci. Amma ina ba ki shawarar ki saye shi duk da haka, domin wanda ya ji daɗin aikin nan ba ya tsayawa a mililita 50, kuma ranar da za ki hura wa rezin zafi ko ki goge shi da samfefa za ki buƙace shi.

Wurin aiki, da maganar yaro

Dalilin da ya sa na ce ɗakin kwana ba zai yi ba shi ne aikin ba ya ƙarewa lokacin da kika ajiye kofi. Abin da kika zuba zai kwana yana daskarewa, awa 24 ko fiye, ke da yaronki kuna shaƙar iskar ɗakin dare guda. Ɗakin girki ma haka, saboda abinci da kwanuka. Ki nemi wurin da ba a kwana, ba a ci, mai ƙofar da za a kulle. Iska ta shiga ta wani gefe ta fita ta wani. Taga ɗaya a buɗe ba ta isa ba. Ki sa fanka a bakin taga tana fuskantar waje, tana jan iskar ɗakin tana fitarwa, ke kuma ki tsaya ta inda sabuwar iska ke shigowa, yadda tururin zai bar fuskarki maimakon ya bi ta kanta. Fankar sama juya iskar kawai take yi, ta kuma zubo miki ƙura a kan aiki. In rumfa ce ko baranda, ya yi, muddin rana ba ta dukan aikin kuma kina da kwali ko roba da za ki kife a kai.

Yaro ɗan shekara biyu kuwa, ba kwalbar kaɗai ce abin tsoro ba, ko da yake ita ma a kulle ta a sama, kuma kada a taɓa juye rezin ko madaskari a robar ruwan sha ko ta lemo. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sawun da hannu mai danƙo ke bari. Kina cikin juyawa waya ta yi ƙara, kin ɗauka. Yaro ya yi kuka, kin murɗa hannun ƙofa. Kin kunna fitila, kin buɗe famfo. Duk wuraren nan yanzu suna da ɗanyen rezin, kuma wanda bai haɗu da madaskari daidai ba zai yi makonni yana danƙo. Yaro zai taɓa ya kai baki, ke ma za ki taɓa da hannu tsirara bayan kin cire safa, kina ganin kin kiyaye. Na taɓa gano cewa murfin kwalbar ruwan da nake sha a wurin aiki ya yi wata guda yana danƙo ban lura ba. Tun daga ranar ba na shiga da abin sha ko abin ci.

Maganin wannan shi ne shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar A ta haɗu da B agogo ya fara, yawancin rezin ɗin ado minti 20 zuwa 45 yake ba ki kafin ya fara kauri, kuma gaggawa ce ke sa mutum ya taɓa abin da bai kamata ba. Kafin ki buɗe kwalba, ki shimfiɗa leda mai kauri ko tabarmar silikon a tebur, domin rezin ba ya kama su. Ki duba teburin ya zauna lebur, in ba haka ba farantinki zai fito gefe ɗaya ya fi kauri. Ki jera mazubai a wanke a bushe, kofuna, itacen juyawa, launukan a buɗe, tishu a yayyage, ledar shara a buɗe a rataye, ƙarin safar hannu a waje da kwalinsu. Ki ajiye wayar inda za ki ga lokaci ba sai kin taɓa ta ba. Sannan ki zaɓi lokacin da wani ke riƙe da yaron, ba lokacin barcinsa ba, don barcin yaro ba shi da alkawari.

Awo da zafi

Awo ma maganar lafiya ce, ba ta kyan aiki kaɗai ba. Kowane rezin da nasa: wani 1 da 1, wani 2 da 1, wani 3 da 1. Ki duba ko da mudu ake nufi ko da nauyi, wato ko da kofi mai zane ko da sikeli, domin A ta fi B nauyi. Rezin da ake haɗawa 2 da 1 a kofi, a sikeli yakan zama kusan giram 100 da giram 45, ba 50 ba. Adadin da kamfanin ya rubuta shi za ki bi. Kada ki ƙara madaskari wai don ya yi saurin kamawa. Wannan dabarar ta wani rezin ce daban, na foliyesta. A ifoksi rarar madaskari ba ta da abin kamawa, sai ta zauna a cikin ɗan kunnen da wata za ta sa a jikinta. Kada kuma ki haɗa A ta wani kamfani da B ta wani.

Ki juya a hankali minti 3 zuwa 5, kina kankare gefe da gindin kofin. Ni nakan juye cikin sabon kofi in ƙara minti ɗaya, domin abin da ya manne a bangon kofin farko bai haɗu ba, kuma shi ne ke barin tabo mai danƙo a aiki. Launi kaɗan ake sawa. In ya yi yawa, ko ya kasance mai ruwa a ciki, yana hana kamawa. Don sanin adadin da za ki haɗa, ki ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita: mazubi mai 10 da 10 da zurfin rabin santimita mililita 50 zai ci.

Zafin da na ambata a farko yana da hali guda: yawan rezin a wuri ɗaya yana ƙara zafi, zafi kuma yana ƙara saurin kamawa, saurin yana ƙara zafi. A shimfiɗe siriri zafin yana fita. A tare a kofi ba ya samun mafita. A shekarata ta farko na haɗa kusan rabin lita, na bar shi a kofin roba na tsaya gyara bakin katako. Ban fi minti 20 ba na ji wani wari mai kaifi, na juya na ga kofin yana hayaƙi, ya lanƙwashe, rezin ɗin ya zama rawaya ya tsattsage. Irin wannan yana iya haura digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, ya ƙona hannu, ya narka kofi, hayaƙinsa kuma shi ne mafi muni da rezin ke fitarwa. In ya faru da ke, kada ki leƙa, kada ki ɗauka da hannu. Ki tura shi cikin bokitin ƙarfe ko ki kama da filaya ki fitar waje, nesa da abin da ke kama wuta, ki bar shi ya huce. Rigakafinsa shi ne haɗa kaɗan kaɗan, da juyewa a mazubi da wuri, da kiyaye kaurin da aka rubuta. Rezin ɗin shafe saman abu kusan milimita 3 ake zuba shi a lokaci guda. Mai zurfin zubi daban ne, an yi shi ya kama a hankali cikin kwana biyu zuwa uku.

Yawancinsu sun fi son ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. Duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikinki da kusan rabi, don haka in ana zafi ki yi zubi da sassafe, ki kuma rage yawan haɗi. Laima mai yawa kuma tana sa fuskar aikin ta yi wani dusu-dusu mai maiƙo, wanda madaskari ne ya haɗu da danshi da iskar kabon. Ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, da safa a hannu.

Maganar kumfa: za ki ga ana bi da wutar gas ko na'urar hura iska mai zafi. Yana aiki, amma wucewa ake yi da sauri, ba a tsayawa wuri ɗaya, in ba haka ba rezin ya ƙone ya yi hayaƙi, mazubin silikon kuma ya manne. Wasu suna fesa sifirit don fasa kumfa. Ki zaɓi ɗaya. Sifirit da asiton da launukan da aka dama da sifirit duk suna kama wuta nan da nan, wutar sifirit kuma da rana da ƙyar ake ganinta. Ga mai farawa da ƙananan mazubai, tsinke da haƙuri sun isa.

Bayan an zuba

Abin zai yi kamar ya kama bayan kwana ɗaya, ya yi tauri bayan uku, amma cikakkiyar daskarewa takan kai mako guda. Kada ki gwada da yatsa tsirara, ki taɓa ragowar cikin kofi da tsinke. Wajen cirewa daga mazubi ma ki sa safa. Wanda ya wuce lokacinsa da kwanaki yana danƙo ko yana lanƙwasa kamar taliyar roba, awo ko juyi ne ya kuskure. Ba ya gyaruwa da jira, kuma ba abin sayarwa ko kyauta ba ne, balle abin da zai zauna a kunne ko wuya.

Guga da samfefa shi ne inda mutane suka fi sakaci, saboda suna ganin haɗarin ya wuce. Ƙurar rezin da bai gama daskarewa ba tana ɗauke da ɗanyen sinadari, tana sauka a fata da ido da huhu. Ki jira mako, ki goge da samfefar ruwa a jiƙe yadda ƙurar za ta zama laka, ki sa matatar ƙura mai lamba P3 ko P100, ki share wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Ragowar ruwan rezin ba ya shiga kwata ko masai ko ƙasa. Ki bar shi ya daskare a kofi, ki ɓamɓare ki jefa a shara. Kwalaben da suka ƙare, ki haɗa ɗigon da ya rage a cikinsu ya daskare tukuna. Safa da tishu masu danƙo a ƙulle su a leda, kada a ƙona su. Kofin da ya taɓa rezin ya bar ɗakin girki har abada.

Tunda kin ambaci farantai, su tsaya a ado. Akwai rezin da aka gwada don taɓa abinci, a Amurka ƙarƙashin ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, mai lamba 21 CFR 175.300, amma gwajin na rezin ne da aka auna daidai, ya daskare sarai, ba a sa masa launi ko ƙyalƙyali ba. Yawancin rezin ɗin ado kuma yana fara laushi tun daga digiri 50 zuwa 60, abin da bai kai zafin ruwan da ya tafasa ba. Ba a cin abinci mai zafi a kansa, ba a yanka a kansa. Maƙalin makulli da ƙananan abubuwa kuma su yi nesa da bakin yaronki, ko don maƙalewa a maƙogwaro.

A zubinki na farko, ki haɗa mililita 30 kacal, ba launi, a mazubi ɗaya da ba ki damu da shi ba. Ki rubuta awon da kika yi da lokacin da ya fara kauri da lokacin da ya yi tauri. Da kin gama, kafin ki cire safar, ki tsaya ki waiwaya ki lissafa duk abin da hannunki ya taɓa tun da kika buɗe kwalba. Duk wanda ba ya kan ledar tebur, ki goge shi, sannan a zubi na biyu ki matso da shi kusa ko ki fitar da shi daga ɗakin.